Suya Babu Mai a Gidan Inna

Dakoro, Talata da hantsi

Zuwa ga ɗiyata Rabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kin sauka Maradi lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin baki, Ya sa takardar nan ta same ki kina cin abinci kina samun barci. Ki gai da Gwaggo Hadiza. Gaisuwa wajibi ce, shi ya sa na aiko, amma zuciyata ba ta huce ba.

Ki sake duba saman takardar nan. Sunanki ne na rubuta da hannuna. Tun da na haife ki ban taɓa faɗinsa da bakina ba sai jiya. "Ke" nake ce miki, ko "yarinyar nan", ke kuma kina ce mini Yaya kamar ba daga cikina kika fito ba, don ke ce ta fari, an ce akwai kunya tsakaninmu. Yau raina ya ɓaci har ya wuce inda kunya take tsayawa. An ɗauke ki daga ɗakina an ba wata riƙo, ina tsaye ina kallo ban ce uffan ba. A kan wannan zan yi miki magana. Ki karanta a hankali, na san kin iya karatun Hausa, tunda na sha kama ki da littattafaina a bayan rumbu.

Ranar sunan jaririn ƙanen babanki komai ya juye mini. Kina wurin, ke ce ma kika ɗauki farantin suyata, amma ba ki san duk abin da ke ƙarƙashinsa ba. Kin san al'adar gidan kakarki Inna: in ana suna, kowace matar ɗa takan kawo abin toyawarta, Inna kuma ita ke ba da mai. Ba ta taɓa bari a sayo na kanti ba. Matar da ta tsufa tana soya gyaɗa, tana matse tunkuza, wadda ake zuwa tun daga Korahane a sayi manta da ƙuli-ƙulinta ranar kasuwa, ina za ta yarda a yi suya a gidanta da man wani? Ana gobe suna ta aiko ki da kwalba cike, mai ƙamshi, sabon matsa. Ni kuwa na ce ki mayar mata, ki ce na gode, injin suyata ba ya son mai. Wallahi, Rabi, a raina taimakonta na yi. Na ce tsohuwa ta sha wahala, bari in rage mata asara.

Na yi donot ɗin ayaba na jera a faranti, na barbaɗa sukari, na rufe da sabon mayafi. Ina ta murna ni kaɗai. Har na gama tsara yadda mata za su riƙe baki, a ce wace ce ta yi wannan, a nuno ni, ni kuma in sunkuyar da kai ina murmushi. Kika kai farantin rumfar tsofaffi, ina biye da ke daga nesa. Tsohuwar nan ƙawar Inna da ta zo daga Sabon Maci, wadda bakinta ba ya hutawa, ita ta fara ɗauka. Ta ɗaga shi sama, ta leƙa ta ramin tsakiya, ta ce:

"Wanga fanke ɓera ya riga mu ci, ko haka anka haife shi?"

Aka yi dariya, ni ma na yi. Sai ta matsa shi a tafin hannunta, ta murza, ta buɗe hannun ta nuna wa mutane. A bushe yake ƙamas.

"Jama'a, ku zo ku ga abin mamaki! Gidan mai babu mai! Ke tsohuwar banza, gyaɗar ce ta ƙare, ko matar ɗan ce kika hana?"

Wasa take yi, sun saba tun suna 'yan mata. Amma Inna ba ta yi dariya ba. Ta gyara ɗankwalinta, ta ce a hankali, "Na ba ta. Maido mini anka yi."

Kina tsaye da faranti. A nan Gwaggo Hadiza, yayar babanki da ta zo suna daga Maradi, ta dube ki daga sama har ƙasa, ta ce, "To, wannan ce za ta koya wa ɗiyarmu girki? Abincin littafi?" Abin da har yau yake ƙona mini rai shi ne farantin nan wayam ya dawo. Sun cinye tas. Na ga tsohuwar Sabon Maci da idona tana ƙulle biyu a bakin zane.

Bari in gaya miki yadda injin nan ya shigo gidanmu, don kada wani ya ba ki labarin a karkace. Tun ina budurwa nake karanta littattafan soyayya, na takarda da farko, daga baya na cikin salula. A cikinsu akwai wata irin mace da na so in zama. Gidanta ba hayaƙi. Tana saka abu a wani inji da suke kira eya-firaya, ta murɗa, ta je ta yi wanka ta shafa turare, kafin mijin ya shigo suya ta nuna. Ya ɗanɗana, ya lumshe ido, ya kira ta da wani suna mai daɗi. Na karanta wannan ya fi a ƙirga. Ina hura itace idona yana hawaye, amma zuciyata tana can gidan da ba hayaƙi. Na sayar da tunkiyar da uwata ta ba ni, na nace wa babanki har ya sa wani ɗan kasuwa mai zuwa Najeriya ya sayo mini. Ranar da aka kawo shi a kwali, babanki ya zagaya shi ya ce, "Da wane kuran ɗin? Wutar lantarkin da ke zuwa mana kamar baƙo?" Yaran gida suka sa masa suna tukunyar iska.

Na farkon da na soya wa babanki a ciki, na yi kwalliya na zauna ina jira ya lumshe ido. Ya tauna, ya haɗiye, ya ce, "Ba laifi. Akwai sauran tuwo?"

Ga shawarata ta farko, ki riƙe. Kafin ki shigar da sabon abu gidan mutane, ki duba da me gidan yake ci. Na kai shekaru ina shaƙar ƙamshin suyar gyaɗa safe da yamma, da kuɗin man nan aka yi wa babanki aure, da shi aka saya miki kayan makarantar lakwal, amma ban taɓa tsayawa na yi tunanin cewa man nan shi ne mutuncin Inna ba. Injin da ke suya babu mai, a gidanta, zagi ne ko da ban buɗe baki ba. Da na karɓi kwalbar nan na shafa wa donot ɗin ko kaɗan ne, na ce da man Inna aka yi, da ta fi kowa yawo da farantin. In babba ya ba ki abin sana'arsa, ki karɓa da hannu biyu ko ba ki da buƙata. Na yarda na yi kuskure a nan. Amma ki ji ni da kyau: kuskuren kwalbar mai bai kai a ɗauke wa mace ɗiyarta ba. Wanda duk ya ce miki ya kai, ƙarya yake yi, ko wane ne shi.

Kuma tunda an ce abincin littafi ne, ba girki ba, zan rubuta miki shi a nan don kada su sa ki ji kunyar abin da muka koya tare. Ki nemi ayabar da ta nuna har bayanta ya yi baƙi-baƙi, irin wadda hanya ta gajiyar kafin ta iso Dakoro, wadda masu sayarwa ke neman kai da ita. Ita ce mai zaƙi. Ki dame ta da cokali har ta yi laushi, ki fasa ƙwai, ki zuba garin madara, da sukari kaɗan tunda ayabar ta riga ta kawo nata, da ɗan gishiri. Sai garin alkama da lebir ɗin da zai sa ya tashi. Kada ki cika ruwa, ayaba tana da nata ruwan, nan ne na yi ta faɗuwa da farko, yana fito mini kamar danƙo. Ki murza har ya daina kama hannu, ki rufe ki ajiye a wuri mai ɗumi. In ya tashi ki shimfiɗa, ki yanka da bakin kofi, ki huda tsakiya da murfin kwalba, aikin da kike so ke nan, har kina ɓoye 'yan tsakiyar a gefe don su zama naki. Ki fara ɗuma injin kafin ki saka, kada ki cunkusa su, iska ce ke gasa su, in sun matsu ba ta ratsawa. In sama ya yi ja ki juya. Suna fitowa da zafinsu ki birkiɗa su a sukari. In kuma kuran ya ɗauke suna ciki, kada ki tsaya kuka yadda nake yi, ki juye su a kasko ki ƙarasa a kan garwashi. Wanda ya iya wannan ya iya girki. Ke da kike tuƙa tuwon hatsi tun hannunki bai gama riƙe muciya ba, har wata za ta ce ba a koya miki komai ba?

Kuskurena na biyu ya fi na farko muni, kuma shi ma daga littafi na kwaso shi. Bayan sunan nan na shige ɗaki na rufe ƙofa. Na ƙi fita tsakar gida, na ƙi gai da Inna, na rage cin abinci. Kin san me nake jira? Jira nake babanki ya lura. A littattafaina in an ɓata wa mace rai, takan juya baya ta yi shiru, hawaye na zuba, sai mijin ya rikice, ya durƙusa, ya ce wa ya taɓa ki, ya fita ya gyara duniya. Na kwanta ina sauraron takun takalminsa. Ya shigo, ya ga na juya baya, ya ce, "Zazzaɓi ne? In sayo miki magani?" Na ce a'a. Ya ce to Allah Ya sawwaƙe, ya koma shagonsa.

Ina can kwance ina wasan fushi, su kuwa suna zaune ƙarƙashin itacen bedin tsakar gida suna raba rayuwarki. Gwaggo ta ce ga shi za ki shiga kolej, na Maradi ya fi, kuma 'ya'yanta mata duk sun yi aure, ɗakinsu babu kowa. Inna ta ce ta ba ta. Babanki ya ce duk abin da suka yanke. Muryoyinsu suna shigowa ta taga, ina jin sunanki yana yawo, na san maganarki ake yi. Da na tashi na fita na durƙusa na ce a yi haƙuri da ni a bar mini yarinya, wataƙila da an ji kunyata. Ban fita ba. Na ce a raina ai shi zai hana, zai tuna ina ciki ina kuka. Sai da la'asar ya leƙo ya ce, "An ba Yaya Hadiza yarinyar nan. Ki haɗa mata kaya." Kamar mai cewa in ɗora ruwan zafi.

Rabi, kada ki taɓa yin shiru kina jira a karanta zuciyarki. Ba wanda yake da wannan lokacin. Mazan littafi wata mace ce ta zauna ta ƙirƙiro su yadda take so, ta sa musu magana a baki. Na gidan nan in ba ki faɗa ba bai sani ba, in ya sani ma zai yi kamar bai sani ba, don shirunki ya fi masa sauƙi. In abu ya dame ki a gidan Gwaggo, ki same ta ki durƙusa ki faɗa da ladabi, amma ki faɗa. In aiki ya hana ki zuwa lakwal, ki faɗa. In ba ki ƙoshi ba, ki faɗa. In mushe, malaminku, ya yi bayani ba ki gane ba, ki ɗaga hannu ko za a yi miki dariya. Dariya ba ta kashe ni ba ranar suna, ke ma ba za ta kashe ki ba. Ban ce ki daina karatu ba. Ki karanta, ni ma ban daina ba, su suka koya mini rubutun da nake miki yanzu. Amma in kin rufe littafi ki tuna a Dakoro aka haife ki, kuma ƙofar ɗaki ba ta buɗe kanta.

Na ukun shi ne wanda ba na iya tunawa ban ji kamar in fasa wani abu ba. Safiyar tafiyarki. Mota ta tsaya ƙofar gida, an ɗora ƙullin kayanki, mata sun fito rakiya. Kika ƙi fita. Kika shigo madafa inda nake tsugune ina wanke tukunyar da ba ta da datti, kika kama bakin zanena, kika ce:

"Yaya, ki ce musu ba ni so."

Na ce, "Sake mini zane, mutane na kallo."

"Yaya, ke ma so kike in tafi?"

Ban ɗago ba. Na ce, "Wuce, ana jiranki."

Kika sake ni. Ba ki yi kuka ba, da kin yi ma da ya fi mini sauƙi. Kika dube ni kawai, kika juya. Ina ji mata a waje suna yabona: kai, matar nan akwai kunya, ko leƙowa ba ta yi ba, haka ake son uwar ɗan fari. Suna yabona, Rabi! Na sayar da ke da yabon tsakar gida. Gaskiyar magana tsoro ne ya riƙe ni, na ɗauko kunya na lulluɓa masa don ya yi kyan gani. Na ji tsoron a ce bayan ta maido mai, yanzu kuma ta yi rashin kunya a kan ɗiyar fari. Na zaɓi a ce ni mutuniyar kirki ce, na bar ki da wannan tambaya kika shiga mota da ita. To ga amsarki, ko da ta makara: ba na so. Ban taɓa so ba. Tun da motar ta tashi nake zuba abinci a kwanonki in manta, sai ƙannenki sun ce Rabi ai ba ta nan.

Kunya abu ne mai kyau, ban ce ki yar da ita ba. Ki ji kunyar manya, ki rufe jikinki, ki sassauta murya. Amma duk ranar da kika ga kunya za ta sa ki saki hannun wanda ya kama zanenki yana neman ceto, ki ajiye ta gefe ki riƙe shi. Daga baya kya ɗauki abarki.

Jiya na yi abin da ya kamata in yi tun ranar suna. Na sami Inna a bayan gida tana matsar mai, ta zuba ruwan zafi a tunkuza tana juyawa da muciya, gumi na zuba. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ba ta dube ni ba. Na ce na zo neman gafara a kan kwalbar da na maido, ban san nauyinta ba, jahilci ne. Ta daɗe tana juyawa kafin ta ce, "Na yafe kwalba. Tashi."

Ban tashi ba. Na ce, "Inna, saura maganar Rabi."

Muciyar ta tsaya. Ina tsammanin sunan da na faɗa ne ya fi ba ta mamaki.

"Mi kika ce?"

"Na ce Rabi. Ina so a maido mini ita."

"Lalle littattafan nan sun gama da ke. Ɗiyar fari kike kira gatsal, gabana? An riga an ba da. Kina so a ce gidanmu ana kyauta ana amshewa?"

Na ce, "Ni ban ba da ba, Inna. Ba wanda ya tambaye ni."

"Wa ake tambaya? Hadizar da kike gani, ba ta kai yarinyar nan ba anka ɗauke ta anka kai Maradi wajen gwaggonta. Ina tsaye wajen turmin nan. Ban ce komi ba, ga ta nan ta zama mutum."

Na ce, "Kin ji daɗi ranar?"

Ban san inda na samo ƙarfin halin ba. Na ɗauka za ta jefe ni da muciya. Ta dube ni, idonta ya yi ja, ta koma kan tunkuzarta tana juyawa da ƙarfi har man ya fara tsatsowa. Can ta ce, "Ba a tambayar wannan. Tashi ki ba ni wuri." Na tashi. Na tausaya mata, ba zan ɓoye miki ba, amma tausayin bai rage mini fushi ba, ƙara shi ya yi. An yi mata, ta haɗiye, shekara da shekaru abin yana cikinta, yanzu kuma ta miƙo mini in haɗiye, ni ma wata rana in miƙa miki. Ki girmama kakarki, tana sonki, ita ta goya ki ina jego. Amma kada ki yi wa wani abin da aka yi miki ya yi miki ciwo don kawai ke ma an yi miki.

Da babanki ya dawo cin abincin rana na tare shi. Wannan karon ban juya baya ba, ban yi hawaye ba, a tsaye na yi magana. Ya ce kolej ɗin Maradi ya fi. Na ce Dakoro ma akwai kolej, 'ya'yan mutane suna shiga suna fita, ba a ce sun lalace ba. Ya ce so nake in haɗa shi da yayarsa da uwarsa. Na ce shi ya raba ni da ɗiyata bai ji komai ba. Ya ajiye cokali ya ce:

"To mi ya hana ki magana ranar? Ina zaune ina duban ƙofarki. Da kin fito da na sami abin kamawa."

Na ji haushinsa kamar in mutu, don namiji ne, ɗiyarsa ce, bai kamata ya jira mace ta fito ta ba shi abin kamawa ba. Na kuma ji haushin kaina, don ban fito ɗin ba. Shi yana duban ƙofata, ni ina sauraron takalminsa, aka ɗauke ki ta tsakaninmu.

A ƙarshe ya ce shi ba zai je ya buɗe baki ya ce wa yayarsa ta maido ba, ba zai iya ba. Ba kuma zai hana ni fita ba. Amma in na je, duk abin da ya biyo baya ni na jawo. Na san abin da yake nufi. Inna tana iya daina amsa gaisuwata. Gwaggo tana iya rantsewa ba za ta sake taka gidan nan ba, a ce ni na raba zumunci. Ana iya cewa in je gidanmu in huta, kin kuwa san irin wannan hutun wani lokaci ba a dawowa. Na auna duk wannan, ban raina ko ɗaya ba.

Kafin nan ga abin da nake so daga gare ki. Kada ki yi wa Gwaggo rashin kunya, ko da ido. Ki tashi da wuri, ki yi sallarki, ki share mata gida, ki ci abin da aka ba ki ki gode. Ba ta zalunce ki don ƙiyayya ba, ita ma haka aka yi mata, a ganinta alheri take yi. In ta zage ni gabanki kada ki rama mini, ba aikinki ba ne. Kada ki bi 'yan matan unguwa yawo don kina jin haushi, birni ba ya tausayin baƙuwa. Matar da ke kawo mana ayaba daga Maradi ita za ta ba ki takardar nan hannu da hannu. In Gwaggo ta tambaya mene ne, kada ki yi ƙarya, ki ce daga uwarki ne. In ta ce ki karanta mata, ki karanta, babu abin da na rubuta da ba zan iya maimaitawa a gabanta ba.

Ƙannenki suna gaishe ki. Allah Ya tsare mini ke da rana da dare, Ya kare ki daga ciwo da mugun abokin zama, Ya ba ki ilimi mai amfani, Ya ba ki bakin faɗin gaskiya da wuri, kada ki makara irin tawa. Allah Ya sanyaya zuciyar Inna da ta Gwaggo, Ya sanyaya tawa ni ma, don har yanzu tafasa take. Amin.

Ki wanke kayanki ki ƙulle. Ranar Alhamis zan shiga motar farko da za ta tashi daga tasha, zan zo in durƙusa gaban Gwaggo in gaya mata da bakina, kuma tare da ke zan dawo Dakoro.

Uwarki,
Mariyama